Taku 70 daga tiyata zuwa ɗakin masu jego: nazarin gadon tura majinyata a wani asibiti a Sakkwato

Asibitin da hanyarsa

Asibitin yana gefen garin Sakkwato, matsakaici ne, ɗakin tiyatarsa ɗaya, teburin aiki ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, haka ma sunan duk wanda ya shigo cikin wannan bayani. Ni ma'aikacin jinya ne da aka horar a kan ba da maganin barci. A can nake aiki lokacin da wata mai jego ta yi amai a kan gadon turawa har ta kwanta da ciwon huhu, kuma da hannuna a kuskuren, da hannuna a gyaran.

Galibin masu zuwa mana mutanen karkara ne, daga wajen Kware, Wamakko, Boɗinga, Dange da Gwadabawa. Aikin da ya fi yawa tiyatar haihuwa ce, sai buɗe ciki, musamman na yaran da taifot ta huda wa hanji, sai ƙaba, sai karayar 'yan babur. A 2015 kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi lokacin da suke bukatarta. Kwamitin ya zaɓi ayyuka uku da za a auna asibiti da su: tiyatar haihuwa, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya ɓullo waje. Su ne abincinmu na yau da kullum.

Daga ƙofar tiyata zuwa ɗakin masu jego taku 70 ne, da ƙafata na ƙirga. Baranda ce mai rufin kwano, amma a taku na 40 rufin ya yanke, inda lambatu ya ratsa hanya. An rufe lambatun da sulab biyu na siminti waɗanda bakinsu bai haɗu ba. Da ka tsallake shi sai matakala ɗaya mai tsayin santimita 15.

Gadon turawa, wanda ma'aikata ke ce wa tiroli, uku ne a asibitin gaba ɗaya. Duka shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne a kan ƙananan tayoyi, babu mai birkin da ke kamawa. Ɗaya yana da ƙarfen kariya a gefe guda, sauran biyun babu ko ɗaya. Ba su da sandar rataya ƙarin ruwa, ba su da mazaunin tukunyar oksijin. Ɗakin gaggawa, ɗakin haihuwa, ɗakin hoto da tiyata duk su suke jira. Idan an yi rasuwa ma, a cikinsu ake jawo wanda ya fi kusa a kai gawa mutuware.

Janairu: daren da abin ya faru

Wajen ƙarfe 2 na dare aka kawo wata matashiya daga ƙauye, haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda, ga jini ya ɓalle mata. Saboda jinin ba a yi mata allurar baya mai kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa ba. Maganin barci na gaba ɗaya na ba ta, na sa mata robar numfashi a maƙogwaro. Aka ciro yaro da rai, aka tsayar da jini, aka ɗinke. Da ta fara haɗiyar yawu tana motsa hannu na cire robar, na zuƙe mata baki, na tsaya a kanta har ta buɗe ido da na kira ta. Ba mu da ɗakin farfaɗowa a lokacin. Daga tebur sai ɗakin masu jego.

Bayan an sha nema aka samo gadon nan mai ƙarfen gefe guda. Mu uku muka cicciɓe ta da zanen gado, mai tura gadon ya tokare shi da gwiwa don kada ya zame. Muka fito, ni a wajen kai, shi a wajen ƙafa, mahaifiyarta tana biye da ledar ruwa a hannu. Nas ɗin da ta rage ta yi gaba da jariri.

A lambatu tayar gaba ta faɗa tsakanin sulab biyun. Gadon ya girgiza da ƙarfi, muka ɗaga shi muka haura matakala, nan take ta fara amai tana rigingine.

Mai naƙuda abinci yana daɗewa a cikinta, kuma wanda bai gama farfaɗowa ba tarinsa ba shi da ƙarfin da zai kare maƙogwaro. Abin da ke fitowa daga ciki mai tsami ne, in ya gangara huhu ƙona shi yake yi. Darasin farko da ake koya wa mai ba da maganin barci a nan shi ne a sunkuyar da kan gado, a juya mutum a kan haƙarƙarinsa, a zuƙe bakin. Wannan kwanciya ta kai ƙasa ƙafa sama tana ɗauke da sunan wani likitan tiyata Bajamushe na ƙarni na 19, Friedrich Trendelenburg. Gadonmu ba ya sunkuyawa. Na juyo ta wajena, wato gefen da babu ƙarfe, dole na tare ta da ƙirjina kada ta faɗo. Mai turawa ya ɗaga ƙarshen gadon da ƙarfin damtsensa, sai tayoyin wajen kai suka fara gudu.

"Likita, ɗiyata! Mi yas same ta?" in ji uwar. A wurin mutanenmu duk mai farar riga Likita ne. Ta saki ledar ta kamo kan 'yarta, ledar ta faɗi ƙasa ta fizge allurar hannu. Na'urar zuƙa tana tiyata, taku 40 a bayanmu, oksijin ma yana can.

Da gudu muka mayar da ita. Da na maƙala mata na'urar auna iskar jini a yatsa, 84 ta nuna. Lafiyayyen mutum 95 zuwa sama yake nunawa, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. Kashegari zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka taso, aka tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta yi kwana 11 a can, ta koma gida da ɗanta.

Fabrairu: kwana 14 ana rubutawa

A taron da aka kira, wasu sun ce mai turawa ya yi gaggawa, wasu sun ce na cire robar numfashi da wuri. Babban likita ya saurari kowa, ya ce kafin a ɗora wa wani laifi a fara sanin yadda ake tafiyar nan kullum. Aka ajiye littafin makaranta a ƙofar tiyata. Duk tafiya a rubuta lokacin da aka nemi gado, lokacin da ya iso, wa ya tura, da duk abin da ya faru a hanya.

Abin da littafin ya fara nunawa jira ne. Likita ya wanke hannu, kayan aiki a buɗe, amma gado yana ɗakin hoto ko ƙofar gaggawa da wani a kai. Sau da yawa jiran yakan wuce minti 20. A tiyatar haihuwa ta gaggawa, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada a wuce minti 30 tsakanin yanke shawara da fitowar jariri. Matar da ta sha awa biyu a bayan mota daga ƙauye sai ta zo ta ƙara rasa fiye da rabin minti 30 ɗin nan a neman abin da za a ɗora ta.

Bayan an gama aiki ma haka. Majinyaci yana kwance a kan tebur ana jiran gadon da zai fitar da shi, ba a iya goge teburin ba, na gaba da aka hana ci tun tsakar dare yana zaune. Ranar aiki takan kai magariba, na ƙarshe a jerin a ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Na biyu, da dare 'yan jinya ne ke turawa da riƙon ledar ruwa. Hannu yakan gaji, leda ta sauko ƙasa da ƙirjin majinyaci, jini ya biyo roba ya daskare, a sake neman jijiya. Na uku, masu turawa biyu suna fama da ciwon baya saboda ɗaga gado a matakala.

Akwai kuma abin da ba mu sa ran gani a littafin ba. Wani dattijo da za a yi wa aikin ƙaba ya ƙi hawa sam. "Ɗana, wanga gado ba ni hawa nai," ya ce wa mai turawa. "Jiya gawa anka hitar bisanai." Da ƙafarsa ya taka zuwa tiyata. Ban ga laifinsa ba.

Muna cika takardar binciken tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fitar a 2008 mai tambayoyi 19. Gwajin da aka yi mata a asibitoci 8, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8. Zangonta uku: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin majinyaci ya bar ɗakin tiyata. A bakin ƙofa take ƙarewa. Daren Janairu ma an cika ta tsaf.

Ƙarshen Fabrairu: takarda a bango

Matakin farko sanarwa ce aka liƙa: an hana 'yan jinya tura gado, kuma dole ma'aikata biyu su raka duk wanda ya fito daga tiyata. Da rana an bi ta. Da dare nas biyu ne ke riƙe da ɗakin masu jego da ɗakin haihuwa, mai turawa ɗaya ne a asibitin duka. Kafin mako biyu an koma gidan jiya. Takardar ta zauna a bangon har ƙurar hunturu ta mayar da ita ja.

Maris zuwa Afrilu: gadajen mai walda

Kuɗin da ke hannu bai isa sayen sabon gado daga kamfani ba, aka yanke shawarar ba mai walda ya ƙera biyu. Gwani ne a ƙofofi da gadajen gida. Hoto aka nuna masa a waya, aka faɗa masa tsawo da faɗi da baki. Bai taɓa shiga ɗakin tiyata ba, babu kuma wanda ya gayyace shi.

Cikin kwana 10 ya kawo su da farin fenti, kowanne da ƙarfen kariya hagu da dama. A makon farko matsalolin suka bayyana. Ƙarafan gefe a like suke, ba sa saukowa, sai an ɗaga majinyaci an tsallakar da shi ta samansu. Gadon ya fi teburin tiyata tsawo da kusan taƙi ɗaya ko da an ɗaga teburin iyakarsa, alhali ƙa'ida ita ce inda za a mayar da mutum ya yi daidai da inda yake, ko ya ɗan fi shi ƙasa. Ɗaga mai sabon ɗinki a ciki zuwa sama da zanen gado yana ja masa ciwo, yana kuma fizge robar fitsari da robar da ke fitar da ruwan ciki. Tayoyin inci 4 ne irin na teburin shago, ramin lambatu yana haɗiye su fiye da tsofaffin.

Sai maganar tsafta. Inda jini ya zuba da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 ake goge shi, wato awo 1 na bilicin kashi 3.5 a awo 6 na ruwa. Kulorin yana cin baƙin ƙarfe. Fenti ya fara ɓarewa a gaɓoɓin walda, tsatsa ta fito, kaifin walda ya riƙa yaga safar hannu. Katifar da mai ɗinkin kujeru ya rufe da leda kuwa, ɗinkinta a sama yake, jini ya bi ramukan allura ya shige soso. Ranar da muka farke ɗaya a zafin Afrilu, ba wanda ya iya tsayawa kusa. Araha ba ta ado, in ji Matiron, shugabar 'yan jinya, ta sa aka ƙone katifun biyu.

Mayu: gadon gwanjo

Wani attajiri da aka yi wa matarsa aiki ya ba asibitin kyautar gado na ƙasar waje, na hannu amma mai kyau. Yana hawa yana sauka da jak mai amfani da mai, ana taka shi da ƙafa. Yana sunkuyar da kai, ƙarafan gefensa suna naɗewa, feda ɗaya ke kulle tayoyin huɗu. Duk abin da na rasa daren Janairu yana jikinsa.

An shigar da shi littafin kaya da sunan Matiron, ita za a tambaya in ya lalace ko ya ɓata. Ta ga yadda ɗakin gaggawa ya ara shi kwana biyu ya dawo da shi ba sandar ruwa, sai ta sa aka riƙa kulle shi a sito. Da ƙarfe 4 na yamma makulli yake tafiya gida. Ayyukan dare, waɗanda su ne mafi haɗari, suka ci gaba da tafiya a kan tsofaffin gadaje.

Da aka sasanta maganar makulli, wata ta taso. Zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga ƙura. Robar da ke riƙe man jak ɗin dama ta tsufa, sai ta fara yoyo. Kowace safiya a tarar da ɗigon mai a ƙasa, gadon yana sauka a hankali da mutum a kai, har ya tsaya a can ƙasa ya ƙi tashi. Babu takardar kamfani, babu kayan gyara a gari. Ya yi mako biyar yana aiki, ya koma sito.

Yuni zuwa Agusta: awo, siminti da taya

Wani injiniyan kayan asibiti, abokin babban likita, ya zo ya duba jak ɗin. Kafin ya taɓa shi ya nemi a tura shi a kan tsohon gado daga tiyata zuwa ɗakin masu jego. Ya kwanta, aka tura. Da aka zo lambatu ya ce a tsaya, ya sauko ya ce kowane gado aka kawo, nan zai mutu.

Saboda haka da hanya aka fara. Birkila ya cire sulab biyun ya zuba guda ɗaya lafiyayye. Matakalar ya mayar da ita gangare bisa ma'aunin da ake bi, wato kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, sai 15 ɗin nan ta zama gangare mai tsawon santimita 180. Aka haɗe rufin da fallen kwano huɗu, da yake damina ta sauka kuma an fara rufa wa majinyata leda a wurin. Kwana uku aikin ya ɗauka, shi ne kuma mafi arha a duk abin da aka kashe.

Sannan aka sake kiran mai walda, wannan karon aka sa masa hula da takalmin tiyata ranar da babu aiki. Ya auna teburin a ƙasa da sama, ya auna ƙofa, ya auna gadajen ɗakin kwanciya. Na kwantar da ɗaya daga masu turawa na nuna masa yadda ake juya mai amai. Ya daɗe yana kallo. "Ranka shi daɗe," ya ce wa babban likita, "da kun kawo ni nan tun hwarko, da ban yi muku wancan ba."

Ya yanke ƙafafun gadajen biyu har suka dace da tsakiyar hawan teburin. Ya raba shimfiɗar daga firam ya ɗora ta a kan ƙusa a tsakiya, da sakata a wajen kai: ka ja sakata da hannu ɗaya, kai ya sunkuya. Wannan ne ya fi ba shi wahala, sai a gwaji na uku ya daina faɗuwa gaba ɗaya ya riƙa tsayawa a mataki. Ƙarafan gefe suka koma masu naɗewa, aka matse tazarar sandunansu saboda yara. Ya goge kaifin walda, ya shimfiɗa fallen ƙarfe mara tsatsa a sama, ya yi ramin sandar ruwa a kusurwa biyu, da kwando a ƙasa na tukunyar oksijin da na'urar zuƙa ta ƙafa. Daga Kano aka sayo tayoyi inci 8 masu roba da birki. Babbar taya tana haye tsaguwar da ƙarama ke faɗawa, kuma ba ta jijjiga mai ɗinki. Katifun aka sake rufe su da leda mai kauri, ɗinki a ƙasa.

Jak ɗin gadon gwanjo kuma wani bakanike mai gyaran jak ɗin manyan motoci ya kwance shi, ya samo robar da ta yi daidai, ya sake masa mai. Ya tashi.

Sauran gyaran na tsari ne. Gadajen uku aka yi musu koren fenti a ƙafa, aka zana musu wurin tsayawa a ƙofar tiyata, ba sa zuwa ɗakin hoto ko na gaggawa. An ja jan layi a bakin ƙofar ciki: gadon gwanjo yana ciki, na walda suna waje, tayar da ta taka baranda ba ta tsallake layin. Lungun da ke bayan layin ya zama wurin farfaɗowa, majinyaci yana zama a kan gadon ciki har ya iya ɗaga kai ya faɗi sunansa. Tsofaffin gadaje biyu aka bar wa ɗakin gaggawa, na ukun aka yi masa murfi aka keɓe shi ga gawa, ba ya ɗaukar mai rai.

A kowane zangon aiki akwai mai turawa ɗaya da aka rubuta sunansa a allo, shi ke da gadajen. Da ya karɓi aiki zai taka birki, ya ja sakata, ya ɗaga ƙarafan gefe, ya duba agogon oksijin. Ƙaramar tukunyar da muke da ita tana cin lita 680 in ta cika, a kan lita 5 a minti tana kai minti 136, don haka in allura ta sauka ƙasa da rabi sai a canza. Ranar Alhamis ake cire zare da gashin da suka naɗe a boris a sa giris. An ɗauki mai turawa na biyu don dare.

An samo allon roba mai santsi na zamar da majinyaci daga tebur zuwa gado, aka daina cicciɓa. Mutum huɗu ake bukata, na wajen kai shi ke ba da umarni, kuma ba ya cewa komai sai ya ga birkin gado a kulle: bismillah, ɗaya, biyu, uku. Wanda aka yi wa allurar baya ƙafafunsa sukan yi awa biyu zuwa uku ba ya jin su, don haka mutum guda aikinsa ƙafafun kaɗai. Mai ciki kuma ana sa mata ɗan matashi a ƙarƙashin ƙugun dama ta karkata hagu kamar digiri 15, domin nauyin mahaifa yana danne manyan jijiyoyin jini in ta kwanta rigingine. A bayan takardar Hukumar Lafiya muka ƙara layi biyar da biro: birki, ƙarfen gefe, ruwa a sanda, oksijin, na'urar yatsa.

Oktoba: yaron da ya yi amai a gangare

Yaro ne ɗan shekara 12, taifot ta huda masa hanji, an buɗe ciki an ɗinke da la'asar. Ya yi kusan minti 40 a lungun farfaɗowa, ya faɗi sunansa, ya nemi ruwa. Muka fito da shi, ƙarafan gefe a sama, oksijin a hanci, na'urar yatsa tana nuna 97. Mahaifinsa yana biye, hannunsa ba komai.

Muna gama hawa gangaren cikinsa ya juya. Mai turawa ya taka birki tun ban yi magana ba. Na ja sakata, kai ya sunkuya, muka juya shi ya jingina da ƙarfen gefe, nas ta taka na'urar zuƙa. Lambar ta sauka 92, kafin minti biyu ta koma 96. Muka goge masa fuska muka ƙarasa. Ƙirjinsa bai kamu ba, an sallame shi bayan an cire zare.

Littafin ƙofa na watan ya nuna jiran gado ya koma minti 2 zuwa 5. Ba a rubuta faɗuwa ko zarewar allura a hanya ba. Jerin ayyukan da a da ke kaiwa magariba yana ƙarewa kafin la'asar a yawancin ranaku, kuma ba a mayar da kowa gida saboda ƙurewar lokaci ba.

Abin da nake gani ya yi aiki, da dalili

Idan aka ce in zaɓi abu biyu a jikin gado, sakatar sunkuyar da kai da birki zan ɗauka. Minti na farko bayan amai shi ke raba wanda zai tafi gida da wanda zai kwanta da ciwon huhu, kuma a wannan minti hannuwana biyu nake bukata a kan majinyaci. Daren Janairu hannu ɗaya yana tare ta kada ta faɗo, ɗayan yana riƙe da gadon da ke gudu. Zaman lungun farfaɗowa ma ya taimaki yaron Oktoba, domin ya fi matar farkawa lokacin da muka fito. Wannan darasi nawa ne, na kuma karɓe shi.

Lokacin da aka samu kuwa daga koren fenti da allon suna ya fito. Gadon gwanjo ya fi na walda komai, amma watannin da ya yi ba shi da wurin tsayawa da mai kula da shi a kowane zango, ko a kulle yake ko a lalace. Ban zargi Matiron ba. An ɗora mata alhakin kaya ba a ba ta wanda zai tsare shi da dare ba, ta yi abin da ya rage mata.

Gadajen walda na farko laifinmu ne. Mun ba gwanin ƙofa hoto muka sa ran zai san abin da mai ɗinki a ciki yake ji in aka ɗaga shi. Mutumin nan ɗaya, da kayan aikinsa na jiya, ya ƙera abin da muke alfahari da shi bayan ya yi awa biyu a cikin tiyata da tef ɗin awo. Sanarwar bango kuwa ta nemi ma'aikata biyu a daren da mutum ɗaya ne ke akwai, sai da aka ɗauki na biyun ta fara aiki ba tare da an sake liƙa ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lambatun. Shekara da shekaru muna ɗaga gado a wurin, ni ma a ciki, har ya zama ba ma ganinsa. Sai da baƙo ya kwanta aka tura shi.

Akwai sauran aiki. Ƙaramar tukunyar oksijin ɗaya ce tal, in an kai ta cikawa sai mu jira ko mu fita babu ita, kuma takardar neman ta biyu tana ofis tun Nuwamba. Ɗakin gaggawa har yanzu tsofaffin gadaje marasa birki yake turawa, kuma daga can ake kawo mana masu karaya. Mai walda ya riga ya je ya auna ƙofarsu.